Malam Aminu Kano Da Amanar Wakilci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗora wa ɗan Adam amana, kuma zai tambaye shi a kanta ranar tsayuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai ma'abota allo da tawada, da ku fatake da 'yan kasuwa ma'abota awo da ciniki, ku sani magana ta yawaita a zauruka da rumfuna game da 'yan majalisa. Wasu na cewa majalisa wurin cin kuɗi ce, mutumin kirki ba shi da abin yi a can. Wasu kuwa na cewa da za a tura malamai masu ilmi da an huta. Dukan maganganun nan biyu suna bukatar a auna su da abin da ya taɓa faruwa. Babu kuwa ma'aunin da ya fi kusa da hannu kamar rayuwar Malam Aminu Kano, wanda ya tashi a gidan ilmi, ya karantar a makaranta, ya zauna a majalisar ƙasa, sa'an nan ya fita daga cikinta.

Fasali na ɗaya: asalinsa da karatunsa

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta 1920, daidai da shekara ta 1338 bayan Hijira. Shi ɗan Genawa ne, zuriyar Fulani da aka sani da alƙalanci da malanta a Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu muhuti ne a ɗakin shari'ar alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ta fara ɗora masa allo, da ta rasu yana ƙarami kakarsa ta ci gaba. Saboda haka tun bai san boko ba ya san yadda ake zaman shari'a, ya ga mai ƙara da wanda ake ƙara, ya ga kuma yadda talaka ke durƙusawa.

Yana da shekara goma aka sa shi elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Da ya gama aka tura shi Midil ta Bauci ya karantar. A nan ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makarantar ne, ya kuma haɗu da Malam Sa'adu Zungur, masanin Larabci da fiƙihu mai kaifin harshe. Suka riƙa taron muhawara inda ake tattauna al'amuran mulkin En'e a gaban Turawan mulki, har tambayoyi suka kai ga albashin sarakuna, aka rufe taron. Cikin 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan. Da ya komo ya tsayar da ƙungiyar malaman makarantun Arewa cikin 1948. Daga baya aka ɗauke shi daga Bauci aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato na wancan zamani. A watan Nuwamba 1950 ya ajiye aikin gwamnati da hannunsa, yana ɗan shekara talatin, ya koma Kano ba albashi.

Mai karatu ya lura da wani abu a nan. Malanta ba ita ce ta bambanta shi da tsararrakinsa ba. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya karantar a Midil ta Sakkwato. Tafawa Ɓalewa ya yi shugaban Midil ta Bauci. Shehu Shagari da Maitama Sule duk daga aji suka tafi majalisar Ikko. Kusan duk manyan Arewa na farko malaman makaranta ne, domin a lokacin su ne 'yan ƙalilan da suka iya Turancin da ake magana da shi a majalisa. Abin da ya bambanta Malam Aminu shi ne da ya bar aji bai bar karantarwa ba, ɗalibai kawai ya sake.

Fasali na biyu: shekara tara a bakin ƙofa

An kafa jam'iyyar NEPU, wadda jama'a suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Mutum takwas suka kafa ta, Abba Maikwaru na cikinsu. Malam Aminu ya zama shugabanta cikin 1953. Mutanenta kuwa su ne teloli, da marina, da mahauta, da 'yan koli, da 'yan tireda, da gardawa, da malaman zaure. Malam Lawan Dambazau yana cikin masu kawo mata hujja daga littattafan shari'a.

Kukan da suka ɗauka ba ɓoyayye ba ne: aikin tilas a gonakin masu sarauta, da yadda ake karɓar haraji da jangali da wulaƙanci, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ji kokenka, da kasancewar alƙali da ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e ɗaya. Hujjarsu kuma ba daga Ingila suka ɗauko ta ba. Sun koma ga rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Malam Abdullahi. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin ayyukan sarakunan da ya yi jihadi a kansu. Wannan shi ya sa maganar Malam Aminu ta shiga kunnen masu karatun zaure, kuma shi ya sa ta yi wa masu mulki zafi, domin da littafin kakanninsu ake yi musu hisabi.

Amma ƙofar majalisa ba ta buɗe masa da wuri ba. A zaɓen 1951 ana yin zaɓe hawa-hawa ne, jama'a su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu, har a kai mataki na ƙarshe, inda doka ta yarje wa En'e ta cusa mutanenta kashi ɗaya cikin goma. 'Yan Sawaba sun yi rinjaye a matakin farko cikin birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba su tsira da kujera ko ɗaya ba. A zaɓen Tarayya na 1954 Maitama Sule ya kayar da shi. A zaɓen Majalisar Jihar Arewa na 1956 Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. A cikin waɗannan shekaru mabiyansa sun sha bulala da ɗauri a kan laifin yin taro ba izini ko zagin sarki, an kuma tayar musu da 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan yari sau da yawa a kan wannan tafarki.

To, me ya yi a cikin shekara taran nan? Karantarwa ya yi. Ya buɗe makarantar Islamiyya a Sudawa, inda ake haɗa Alƙur'ani da Larabci da lissafi, maza da mata. Ya bi kasuwannin ƙauye yana lacca, yana bayyana wa manomi cewa kuɗin baitulmali kuɗinsa ne, hakimi kuma albashi yake ci daga harajinsa. Ya koya wa mutane su nemi rasiɗi in sun biya, su tambayi dalili in an kama su. Wannan karatu ba a ba da takardar shaida a kansa, amma ya zauna a zukata.

Fasali na uku: zamansa a majalisa

Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen da ya kai ƙasa ga mulkin kai. A karon nan kowane namiji baligi a Arewa ya jefa ƙuri'arsa da kansa a ɓoye, mata kuwa ba a ba su dama ba. Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas, ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko. Kujerun majalisar 312 ne, Arewa na da 174 a ciki. NEPU ta sami takwas.

Nan ne al'amari ya yi sarƙaƙiya. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe tun 1954. Bayan zaɓe sai NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, wato jam'iyyar da 'yan Sawaba ke fama da ita a gida. Malam Aminu ya wayi gari yana zaune a ɓangaren gwamnati, aka ba shi mataimakin mai tsawatarwa, wanda ake ce wa bulaliyar majalisa. Aikin mai wannan muƙami shi ne tattara ƙuri'un 'yan majalisa su goyi bayan gwamnati. Ga shi yana tara wa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ƙuri'a a Ikko, ga mabiyansa ana ɗaure su a Kano da Haɗeja da Katsina. An sa shi cikin tawagar Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi magana a kan 'yancin ƙasashen Afirka, sunansa ya fita waje. A gida kuwa jam'iyyarsa ta raunana, har a zaɓen Jihar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak ta samu. A zaɓen Disamba 1964, wanda ya zo da rikici da ƙaurace wa akwati, ya rasa kujerarsa. Zamansa a majalisa shekara biyar ne ke nan.

Wajibi ne a faɗi gaskiya ko a kan wanda ake ƙauna. Manyan abubuwan da ya yi shekaru yana kuka a kansu, babu wanda ya samu ta hanyar wannan kujera. Dalili na farko, kotunan alƙalai da 'yan doka da harajin kai duk suna ƙarƙashin gwamnatin Jiha ne a Kaduna, majalisar Ikko ba ta da hannu a kansu. Dalili na biyu, majalisa wurin ƙidaya ce, mutum takwas cikin ɗari uku da goma sha biyu ko sun fi kowa hujja ba su rinjaye. Dalili na uku, ƙawancen da ya ba shi kujerar gaba shi ya ɗaure masa harshe. Wanda ya hau jirgin wani, inda mai jirgi ya nufa can za shi.

Fasali na huɗu: abin da ya tsiro daga baya

Duk da haka, a duba abin da ya biyo baya. Cikin 1967 aka raba ƙasa jiha goma sha biyu, Kano ta sami jiharta, abin da ya daɗe yana nema. A shekarun da suka biyo aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e aka mayar da su ga gwamnati. Cikin 1976 aka sake tsarin ƙananan hukumomi, kuma matan Arewa suka sami ikon jefa ƙuri'a. Cikin 1979 gwamnonin jam'iyyarsa ta PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Shi kansa ya riƙe Kwamishinan Tarayya na sadarwa, daga baya na lafiya, a zamanin Janar Gowon daga 1967 zuwa 1974, ya kuma zauna a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977.

Mafi yawan waɗannan sauye-sauye da hannun soja aka rattaba su, ba a kuma ce shi kaɗai ya jawo su ba. Amma soja bai tarar da jama'a suna jayayya a kansu ba, domin an riga an karantar da su shekara ashirin cewa alƙali bai kamata ya zama yaron hakimi ba. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 1979 ya sami ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, jam'iyyarsa ta kai sanata 7 da wakilai 49 majalisa. Takwas ɗin 1959 sun zama hamsin da shida. Iri ne da aka shuka a kasuwannin ƙauye ya nuna.

Ƙarshen rayuwarsa bai rasa ɗaci ba. Jam'iyyar ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gwamnoninsa biyu suka saɓa da shi, almajiran da ya rena suka yi masa raddi a bainar jama'a. Wanda ya koya wa mutane tambayar na gaba, ba makawa wata rana a tambaye shi. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu 1983, cikin watan Rajab 1403, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Bai bar dukiyar da magada za su yi shari'a a kanta ba. Gidan nan, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero ana nazari a cikinsa, kuma filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa.

Fasali na biyar: abin da ya shafi yau

Majalisar ƙasa tana Abuja yanzu, da wakilai 360 da sanatoci 109. Jihar Kano kaɗai tana tura wakilai 24 da sanata 3. Wanda ya ce abin da ake yi can bai shafe shi ba, to ya tuna cewa cikin 2023 wannan majalisa ta yi dokar kafa hukumar kula da karatun almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ya tuna kuma cikin 2025 ta zartar da sababbin dokokin haraji da suka taɓa duk mai saye da sayarwa. Ana yanka hukunci a kan tsangaya da kasuwa, ko mai tsangaya da mai rumfa sun halarta ko ba su halarta ba. Saboda haka maganar masu cewa a bar musu majalisarsu ba ta da ƙafa. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan, amma ana yi masa doka ba ya nan.

Maganar masu cewa a tura malami a huta, ita ma rayuwar Malam Aminu ta warware ta. Ga malami mai ilmi biyu, mai fasaha, mai gudun duniya, ya shiga majalisa ya fita bai sauya dokar da ta dame shi ba, domin mutanen da aka karantar ba su kai yawan da za su tura masa mataimaka ba. Wakili ɗaya nagari cikin taron da aka saya da kuɗi kamar ɗigon zuma ne a cikin randar maɗaci. Gyaran majalisa daga wajen majalisa yake farawa, wato daga masu zaɓe.

Malamai sun san babin wakilci a littattafan fiƙihu. Wakili amintacce ne, ba ya ƙetare abin da aka wakilta shi a kai, ba ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar, kuma mai wakiltawa yana da ikon tuɓe shi. 'Yan kasuwa kuma sun san wannan a aikace. Babu falken da zai danƙa wa dillali shanunsa don dillalin ya ba shi goro, sai ya bincika wa ya taɓa sayar wa, kuma ya cika kuɗi ko bai cika ba. To ina dalilin da zai sa mutum ya tsananta bincike a kan wanda zai riƙe masa sa guda, sa'an nan ya miƙa wuyansa da na 'ya'yansa shekara huɗu ga wanda ya ba shi taliya da sabulu ranar zaɓe? Ƙuri'a shaida ce, mai jefa ta yana shaidawa cewa wane ya cancanci amana. Hukuncin mai sayar da shaida kuwa ba ɓoyayye ba ne ga ɗalibin da ya yi karatu kaɗan.

Saboda haka akwai abu uku da ya kamata a tambaya game da duk mai neman wakilci, malami ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci. Na farko, me ya yi wa jama'a tun ba shi da kujera? Malam Aminu ya yi shekara tara yana karantarwa ana kayar da shi, bai sauya sheƙa don neman nasara ba. Na biyu, in ya tafi yana komowa ya zauna da waɗanda suka aike shi, ya gaya musu dokar da aka kawo da inda ya jefa ƙuri'arsa? Ƙofar gidan Malam Aminu a buɗe take ga mai takalmi da marar takalmi, kuma da azumi yana zama ya yi tafsiri. Na uku, ina dukiyarsa ta tsaya ranar da ya shiga, ina ta kai ranar da ya fita?

Nauyin da ke kan malamai ya fi na kowa. Su ne jama'a ke jin maganarsu a masallaci da wurin suna da ɗaurin aure. In malami ya karɓi kujerar Makka ko mota ya ɗaga hannun ɗan takara a kan mumbari, ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma ranar da wakilin ya ci amana ba shi da bakin yi masa nasiha. In kuwa ya karantar da almajiransa da maƙwabtansa mene ne aikin ɗan majalisa, wato yin doka, da duba kasafin kuɗi, da bin sawun masu zartarwa, ya nuna musu cewa rabon shinkafa ba ya cikin aikin, to ya yi irin aikin da ya fi amfani cikin duk abin da Malam Aminu ya yi. Haka 'yan kasuwa, ƙungiyoyinsu na Kwari da Kurmi da Dawanau da sauran kasuwanni suna da ikon kiran wakilinsu su zaunar da shi su tambaye shi dokar haraji sashe-sashe, maimakon su tara masa gudummawa su koma suna gunaguni.

Kujerar Kano ta Gabas mutane da yawa sun zauna a kanta ko a kan magajiyarta tun 1964, mafi yawansu sai an duba takarda kafin a tuna sunansu. Wanda ya zauna shekara biyar kacal, aka kayar da shi sau da yawa, shi ne har yau 'yan takara ke ɗora jar hula don a ce su nasa ne. Hula kuwa a kasuwa ake sayenta. Abin da ya wajaba ga mai zaɓe shi ne ya dubi abin da ke ƙarƙashin hular.

Allah shi jiƙan Malam Aminu, shi gafarta masa kurakuransa, shi jiƙan abokan tafiyarsa da abokan hamayyarsa da suka riga mu gidan gaskiya. Allah shi ba ƙasa wakilai masu tsoronsa, shi ba jama'a basirar gane su. Amin. Wassalamu.